Yadda ake bin tarihin mulkin ƙaramar gundumar coci a Ingila don gano asalin iyali

Wanda ya tashi neman kakanni a wani ƙauye na Ingila, abin da ya fi saurin ɓatar da shi shi ne zaton cewa takardun ƙauye suna ajiye a ƙauyen. Takarda tana bin hukumar da ta rubuta ta ne, kuma hukumomin da suka riƙe ƙauye guda suna da yawa, kowace da iyakarta, kowace da shekarar da aka kafa ta da shekarar da aka rushe ta. Limamin coci ya rubuta baftisma, kotun bishof ta karɓi wasiyya, mai kula da matalauta ya rubuta wanda aka ba tallafi, magatakardan gwamnati ya rubuta haihuwa. Mutum ɗaya suke magana a kai, amma yau takardun suna garuruwa dabam-dabam.

Mu ma mun san irin wannan. Ƙauyen da yake ƙarƙashin En'e a lardin Kano, ya shiga jiha a 1967, aka sa shi cikin ƙaramar hukuma a 1976, sannan ya wayi gari a Jigawa a 1991, bai gusa ko taku ɗaya ba, amma mai neman takardar harajin kakansa sai ya san wace hukuma ce ta karɓa a shekarar. Haka abin yake a Ingila, sai dai nasu ya fi tsawo.

Wannan bayani zai amfani wanda 'ya'yansa ko jikokinsa suke da dangi a can ta wajen uwa ko uba, da ɗalibin tarihi, da mai yi wa wani bincike. Zan yi misali da Eyam, ƙauyen da ke cikin tsaunukan lardin Derbyshire, wanda mutanensa ke furta sunansa "Im". Gundumar coci ce, abin da Turawa ke kira farish: yanki mai coci ɗaya babba da limami ɗaya, wanda tsawon ƙarnoni shi ne kuma ƙaramar hukumar talakawan karkara.

Mataki na farko: tabbatar da wurin da ƙauyukan da ke cikinsa

Kafin ka buɗe kowace rajista, ka san ko sunan da aka ba ka na farish ne, ko na wani ƙauye ne da ke cikin farish. Wannan bambanci yana da nauyi musamman a arewacin Ingila, inda farish ɗaya ke haɗa ƙauyuka da yawa. Tsohuwar farish ta Eyam ta ƙunshi ƙauyuka uku: Eyam kanta, da Foolow, da Eyam Woodlands da ke gangare wajen gadar Grindleford. Idan aka ce maka kakan kakanku mutumin Foolow ne, kada ka ɓata lokaci kana neman tsohuwar rajistar Foolow. A cocin Saint Lawrence da ke Eyam aka yi masa baftisma, can aka ɗaura masa aure, can aka binne shi.

Akasin haka ma yana faruwa. Stoney Middleton tana dab da Eyam, tafiyar ƙafa ce kaɗan, amma ƙaramin cocinta reshe ne na farish ɗin Hathersage. Kusanci a taswira bai nuna suna ƙarƙashin hukuma ɗaya ba.

Ina za ka samu wannan bayani? Ka fara da littattafan bayanin garuruwa na ƙarni na 19. Na Samuel Lewis, wanda ya fara fitowa a 1831, da na John Marius Wilson na 1870 zuwa 1872, duk suna intanet kyauta. A sakin layi guda za su faɗa maka ƙauyukan da ke cikin farish, da dayosis ɗinta, wato yankin da ke ƙarƙashin bishof ɗaya, da gundumar da take. Shafin GENUKI yana da bayani kan kowace farish, shafin A Vision of Britain through Time kuma yana jera hukumomin da wuri ya taɓa shiga da shekarunsu. FamilySearch na da taswirar da ke nuna iyakokin hukumomi kamar yadda suke a 1851. Idan kana kusa da babban ɗakin karatu, nemi littafin Frederic Youngs kan rassan mulki na Ingila. Derbyshire tana juzu'i na biyu, na arewa, wanda ya fito a 1991. A ganina babu abin da ya kai shi wajen wannan aiki, don yana ba da shekarar kowane sauyin iyaka.

Ka kuma rubuta tsofaffin rubuce-rubucen sunan. A babban kundin ƙasa na 1086, wanda Sarki William ya sa aka yi, an rubuta Eyam da "Aiune". Magatakarda na dā suna rubuta abin da kunnensu ya ji, sunan gari ko na mutum.

Mataki na biyu: zana jadawali

Ɗauki takarda babba, ko ka buɗe shafi a kwamfuta. A gefe ka jera shekaru daga 1538 zuwa yau. A sama ka yi gidaje shida: coci, kotun gado, kula da matalauta, rajistar gwamnati da ƙidaya, mulkin lardi da gunduma, mallakar ƙasa. A ƙarshen kowane gida ka bar fili don rubuta inda takardun suke yanzu.

Duk sauran matakan cike wannan jadawali ne. Kada ka tsallake shi don ɗokin ganin sunan kaka. Mai ɗoki yakan shafe wata yana neman wasiyya a ma'adanar da ba ta taɓa riƙe ta ba.

Mataki na uku: gidan coci

A 1538 Thomas Cromwell, wazirin Sarki Henry na Takwas, ya ba da umarni kowace farish ta riƙa rubuta baftisma da aure da binnewa. A 1598 aka ce a kwafe rajistocin a kan fata, a kuma riƙa aika wa bishof kwafi duk shekara. Ba kowace farish ce nata ya tsira tun daga farko ba. Rajistar Eyam da ke hannu daga 1630 ta fara. Don haka abu na farko da za ka rubuta a wannan gida shi ne shekarar da rajista ta fara, da duk giɓin da ke cikinta. Shekarun yaƙin basasar Ingila da mulkin da ya biyo baya ba tare da sarki ba, daga 1642 zuwa 1660, su ne aka fi samun giɓi a ko'ina, don a 1653 an karɓe aikin rajista daga hannun limamai aka ba wani ma'aikaci na dabam, aure kuma ya koma gaban alƙalan sulhu.

Sai ka sa waɗannan shekaru, don kowace ta sauya kamannin takardar da za ka gani. Kafin 1733 za ka iya cin karo da Latin, inda John ya zama Johannes. Daga 25 ga Maris 1754 dokar aure ta Hardwicke ta fara aiki: aure bai halatta ba sai a cocin Angilika, bayan shela ta Lahadi uku ko da lasisi, in ban da na Yahudawa da 'yan ɗarikar Kirista ta Kwaka. An ware wa aure littafinsa, ango da amarya da shaidu suna sa hannu ko su yi alama. Ka duba shaidun nan da kyau, galibi 'yan'uwa ne. Daga 1813 aka kawo littattafai bugaggu masu gidaje, baftisma ta fara nuna sana'ar uba da ƙauyen da yake zaune, binnewa ta fara nuna shekarun mamaci.

Yanzu dayosis. Eyam ta daɗe ƙarƙashin bishof na Lichfield, wadda ba ma a Derbyshire take ba, tana lardin Staffordshire. A 1884 aka mayar da Derbyshire ƙarƙashin sabuwar dayosis ta Southwell, a 1927 kuma aka kafa ta Derby. Amfanin sanin wannan ga shi: tsofaffin rajistocin farish-farish na lardin suna ma'adanar takardun tarihi ta Derbyshire da ke Matlock, amma kwafin da aka riƙa aika wa bishof, da takardun lasisin aure, suna cikin takardun dayosis ta Lichfield, waɗanda yanzu aka tattara a Stafford. Idan ɓera ko danshi ya ci shafin rajista a shekarar da kake nema, kwafin bishof ne zai cece ka. Ko da shafin yana nan lafiya, ka gwada biyun, don wani lokaci ɗaya na ɗauke da kalmar da ɗayan ya bari.

Akwai tarkon kalanda. Kafin 1752 sabuwar shekara a Ingila tana farawa ne ranar 25 ga Maris. Annobar da ta sa Eyam ta yi suna ta fara a Satumba 1665, da mutuwar George Viccars, mai taimaka wa tela, ta ƙare a Nuwamba 1666. Wanda aka binne a Fabrairun da ke tsakani, rajista za ta nuna 1665, alhali a lissafinmu 1666 ce. Masu bincike suna rubuta irin wannan rana da 1665/6, kai ma ka yi haka tun daga farko. In ba haka ba za ka ga kamar an binne mutum kafin ya yi wasiyya. A Satumba 1752 kuma an tsallake kwana 11, daga ranar 2 aka faɗa ranar 14.

Annobar tana koya wani abu game da bambancin rajista da kabari. Limami William Mompesson, tare da Thomas Stanley wanda aka tuɓe daga limancin bayan dawowar sarauta a 1660 amma ya ci gaba da zama a ƙauyen, sun shawo kan mutane suka killace kansu. Aka daina taruwa a cikin coci, aka koma yin ibada a fili a wani kwari, kowane gida ya riƙa binne mamatansa kusa da shi. Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas a Agusta 1666, kaburburan suna nan a gona a bayan gari, an kewaye su da katangar dutse. Mutum kimanin 260 suka rasu. Sunayensu suna rajistar binnewa, amma mafi yawa ba sa maƙabartar coci. Ga mai bin asali, shekarun da suka biyo baya suna buƙatar natsuwa: zawarawa maza da mata sun sake aure, marayu sun koma gidajen dangi, suna ɗaya yana iya bayyana a gida biyu. Labaran da William Wood ya tattara a littafinsa na 1842 suna da daraja, amma daga bakin tsofaffi ya ji su bayan shekara fiye da 170. Ka auna kowanne da rajista kafin ka sa shi a bishiyar iyali.

Idan iyali suka ɓace daga littafin baftisma amma suna bayyana a na aure da binnewa, ka yi zaton sun bar Angilika sun bi wata ɗarika, kamar Methodist, wadda ta yi ƙarfi a ƙauyukan ma'adinai. Yawancin tsofaffin rajistocin irin waɗannan majami'u an tattara su bayan 1837, suna babbar ma'adanar ƙasa da ke Kew a Landan, ƙarƙashin lamba RG 4.

Mataki na huɗu: kotun gado

Nan ne aka fi ɓacewa, nan ne kuma riba ta fi yawa. Wasiyya ɗaya tana iya ba ka sunan mata, da 'ya'ya bi da bi, da mazan 'ya'ya mata, da gonar da kowa ya gada. Tsofaffin wasiyyu sukan zo da jerin kayan mamaci ɗaki bayan ɗaki, har tukwane da tumaki da bashin da ake binsa.

Kafin 1858 kotunan coci ne ke tabbatar da wasiyya. Mutumin Eyam, a ƙa'ida, kotun bishof ta Lichfield ake kai tasa. Amma manyan farish-farish da ke kewaye da ita, Bakewell da Hope da Tideswell, an keɓe su daga ikon bishof, suna ƙarƙashin majalisar limaman babban cocin Lichfield, wadda ke da kotunta da kundinta. Foolow da Great Hucklow maƙwabta ne, amma Foolow ta Eyam ce, Great Hucklow ta Hope ce. Wa da ƙane, ɗaya a nan ɗaya a can, wasiyyunsu kotu biyu suka tafi. Saboda haka a jadawalinka kada ka tsaya ga kotun farish ɗinka kaɗai, ka rubuta ta kowace maƙwabciya.

Sannan akwai kotun sama. Mutumin Eyam da ya bar dukiyar da ta kai fam 5 a dayosis fiye da ɗaya, kotun babban bishof na Canterbury ce ke da hurumin gadonsa, kuma masu hali sukan kai can ko da ba dole. Kwafin waɗannan wasiyyu suna Kew ƙarƙashin PROB 11, ana neman su da suna a kundin intanet na ma'adanar mai suna Discovery. Daga 1653 zuwa 1660, lokacin da aka rufe kotunan coci, duk wasiyyun ƙasar Landan aka kai, suna cikin wannan tari.

Daga Janairu 1858 gwamnati ta karɓe aikin gaba ɗaya. Tun daga nan fihirisa ɗaya ce ga Ingila da Wales, shekara bayan shekara, kuma ana duba ta a shafin gwamnati. A jadawali sai ka ja layi mai kauri a 1858.

Mataki na biyar: kula da matalauta

Mafi yawan mutanen karkara ba su bar wasiyya ba. Lebura da mai haƙar dalma da bazawara, inda za ka ji muryarsu shi ne takardun dokar matalauta, kuma ina ganin su ne takardun da suka fi taɓa zuciya a duk wannan aiki.

Dokar 1601 ta ɗora wa kowace farish nauyin matalautanta. Ana naɗa masu kula duk shekara daga cikin magidanta, su karɓi haraji daga masu gida da gona, su raba wa gajiyayyu. Dokar 1662 ta ƙara cewa kowane mutum yana da wuri ɗaya da ya wajaba ya ɗauki nauyinsa idan ya gaza. Ana samun wannan haƙƙi ta haihuwa, ko ta koyon sana'a, ko ta yin shekara cur ana yi wa wani aiki, ko ta hayar gida ko gona mai fam 10 a shekara. Mace tana bin na mijinta. Idan baƙo ya nuna alamar zai zama nauyi, sai a kai shi gaban alƙalan sulhu biyu, a rantsar da shi, ya faɗi inda aka haife shi, da wanda ya yi wa aiki, da albashinsa, da inda ya yi aure, da sunaye da shekarun 'ya'yansa. Sai a rubuta, ya sa alama a ƙasa. Daga nan a ba da umarnin mayar da shi inda ya fito. Shafi guda na irin wannan bayani yakan warware abin da rajista goma ba su warware ba, don shi kaɗai ne ke faɗin daga ina mutum ya zo.

Ga inda tarihin mulki ya shigo. Wannan doka ta 1662 ta lura cewa farish-farish na lardunan arewa suna da faɗi ƙwarai, ta ambaci Derbyshire a cikinsu, ta yarda kowane ƙauye ya riƙe matalautansa da kansa. Ke nan ƙauyuka uku suna iya haɗa coci ɗaya amma kowanne da asusunsa, har ma su kai juna ƙara kan wa zai ciyar da wani maraya. Irin wannan ƙara tana zuwa zaman alƙalan lardi da ake yi sau huɗu a shekara, takardunsa suna Matlock. Idan ka je neman takardun matalauta, ka nema da sunan ƙauye, ka kuma nema da sunan farish.

Sauran abin da ke cikin akwatin farish: takardar shaidar da mutum ke ɗauka idan zai tafi neman aiki wani gari, wadda aka tsara a 1697, da yarjejeniyar ba da yaran matalauta koyon sana'a, da takardar da ake tilasta wa uban ɗan da aka haifa ba aure ya sa hannu zai biya kuɗin reno. Wannan ta ƙarshe sau da yawa ita ce kaɗai ke ɗauke da sunan uban.

A 1834 aka sauya tsarin. An haɗa farish-farish da yawa ƙarƙashin hukuma ɗaya mai gidan gajiyayyu guda. Eyam ta shiga haɗakar Bakewell, wadda aka kafa a 1838, gidan gajiyayyunta kuma yana garin Bakewell. Daga nan tsohon da ya ƙare rayuwarsa a hannun hukuma, a Bakewell zai rasu, ko da bai taɓa zama can da ƙafarsa ba. Wasiƙun da haɗakar ta yi musaya da hedikwata a Landan suna Kew ƙarƙashin MH 12, cikinsu akwai koke-koken talakawa da sunayensu.

Mataki na shida: rajistar gwamnati da ƙidaya

Ranar 1 ga Yuli 1837 gwamnati ta fara rajistar haihuwa da aure da mutuwa a Ingila da Wales. An ɗora gundumomin rajista a kan iyakokin haɗakar matalauta, shi ya sa Eyam ta zama ta gundumar Bakewell. Fihirisar ƙasa, wadda za ka duba kyauta a FreeBMD, tana ba da suna, da rubu'in shekara, da gunduma, da lambar juzu'i da shafi. Ba ta ba da ƙauye. Na sha ganin bishiyar iyali a intanet an rubuta "an haife shi a Bakewell", alhali gundumar ta haɗa ƙauyuka da dama. Sai ka sayi takardar shaidar kanta daga babban ofishin rajista kafin ka san ko Foolow ce ko wani wuri. Fihirisar da ke shafin ofishin tana nuna sunan gidan su uwa tun daga 1837, abin da ke taimaka wa mutum ya rarrabe yara masu suna ɗaya kafin ya kashe kuɗi.

Rubu'in da aka nuna na ranar rajista ne, ba na ranar haihuwa ba. Jaririn ƙarshen Disamba yana iya fitowa a rubu'in Maris na shekara mai zuwa. Kuma sai daga 1875 aka ɗora wa iyaye alhakin kai rahoton haihuwa, don haka rashin ganin yaro a shekarun farko bai nuna ba a haife shi a nan ba. Koma littafin baftisma. Shafin UKBMD yana jera ƙauyukan kowace gunduma da shekarun da aka yi musu sauyi, ka kwafe na taka cikin jadawali.

Ƙidaya ta fara a 1801, amma ta 1841 ce ta farko mai sunayen kowa. A cikinta an rage shekarun wanda ya wuce 15 zuwa biyar-biyar, mai 44 ya zama 40, kuma game da wurin haihuwa babbar tambayar ita ce ko a wannan lardi aka haife ka. Ta 1851 ce ta fara tambayar farish ɗin haihuwa da dangantakar kowa da maigida. Nan ma ka kula: mutum ɗaya zai ce Foolow a wannan ƙidaya, ya ce Eyam a ta gaba, in ya yi ƙaura zuwa Sheffield ko Manchester ya ce Bakewell ko Derbyshire kawai. Duk gaskiya ya faɗa, jadawalinka ne zai nuna maka haka. Ƙidaya ta ƙarshe da aka buɗe ita ce ta 1921. Ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ba a yi ta 1941 ba saboda yaƙi, sai rajistar jama'a ta 1939 ke cike giɓin.

Mataki na bakwai: rabuwar farish ta coci da ta mulki

Wannan gida ba ya ɗaukar lokaci. Tun zamanin dā Eyam tana cikin yankin haraji da shari'a na High Peak, kuma da sunan wannan yanki aka jera tsofaffin takardun haraji, kamar harajin murhu da aka karɓa daga 1662 zuwa 1689, wanda ke nuna sunan maigida da yawan murhunsa. A 1866 doka ta ce duk ƙauyen da ke karɓar harajin matalauta da kansa ya zama farish ta mulki, Foolow da Eyam Woodlands suka tsaya da ƙafarsu. Daga wannan shekara kalmar farish tana nufin abu biyu masu iyaka dabam, ka riƙa tambayar kanka wacce takarda ke nufi. Majalisar lardi ta fara aiki a 1889. A 1894 aka kafa majalisun farish da gundumomin karkara, Eyam ta shiga ta Bakewell. A 1974 aka rushe wannan aka kafa West Derbyshire, wadda aka sauya wa suna zuwa Derbyshire Dales a 1987. A wannan shekara ce kuma aka narkar da Eyam Woodlands cikin sabuwar farish ta Grindleford, shi ya sa ba za ka ga sunan a jerin farish-farish na yau ba.

Mataki na takwas: ƙasa da sana'a

Bayan dokar 1836, wadda ta mayar da ushirin coci daga amfanin gona zuwa kuɗi, an zana taswirar farish-farish da yawa gona bayan gona, kowace da lamba, tare da littafin da ke faɗin mai ita da mai noma ta. An yi kwafi uku: na farish, na dayosis, na hukuma. Na hukuma yana Kew ƙarƙashin IR 29 da IR 30. Ka ɗora wannan taswira kusa da ƙidayar 1841, sau da yawa za ka iya nuna ainihin gidan da yatsa. Tsofaffin taswirorin gwamnati na Ingila kuma suna kyauta a shafin babban ɗakin karatu na Scotland.

Ka tambayi kanka da me mutanen wurin suke ci. A Eyam dalma ce. Masu haƙar dalma na wannan yanki suna da tsohuwar kotunsu ta musamman mai suna Barmote, wadda ke rubuta wa ya mallaki wane rami, wa ya sayar da rabonsa, nawa aka auna. Iyakar wannan kotu ba ta bi iyakar coci ba, don haka a irin wannan wuri sai ka ƙara gida na bakwai a jadawali. Takardun iyayen ƙasa, wato kotunan masu gandu, ana gano inda suke ta rajistar da ke cikin Discovery. Wasu suna Matlock, wasu suna hannun manyan gidaje har yau.

Mataki na tara: maƙwabta, da rubuta wa ma'adana

Mutanen dā suna aure cikin tazarar da ƙafa ke kaiwa, kuma galibi a cocin amarya ake ɗaurawa. Ka zana da'ira ta mil biyar zuwa goma kewaye da ƙauyenka, ka jera duk farish da reshen coci da ya faɗo ciki. Ga Eyam wannan zai kawo Hathersage da Stoney Middleton, da Tideswell, da Hope, da rassan Bakewell irin su Baslow da Great Longstone. Ga kowace ka rubuta abu biyu kawai: shekarar da rajistarta ta fara, da kotun gadonta. Taswirorin farish-farish na kamfanin buga littattafai na Phillimore suna nuna duka biyun a shafi ɗaya.

Idan za ka rubuta wa ma'adana, ka taƙaita. Faɗi sunan mutum, da ƙauye da farish, da tazarar shekaru, da irin takardar da kake nema, da abin da ka riga ka duba. "Ina neman bayanin rantsuwar zama ko umarnin mayarwa na wane, ƙauyen Foolow, farish ɗin Eyam, tsakanin 1780 da 1800, na duba rajistar baftisma ban same shi ba" zai samu amsa mai amfani. Ka tambayi kuɗin kwafi tun farko, da ko an riga an ɗauki hoton takardar an sa a intanet.

Duk abin da ka duba ka rubuta shi da lambarsa ta ma'adana da shekarun da ka karanta, har wanda ba ka samu kome a ciki ba. Kuma idan fihirisa ce ko kwafin wani ka gani, ka sa alama a gefe, ka bar wurin a buɗe har sai ka ga hoton ainihin shafin da idonka.